Tirela uku da kuɗin dizal: yadda wani mai jigilar albasa a Accra ya ratsa 2022 zuwa 2025

Kafin 2022: yadda harkar take

Mutumin da wannan nazari ya shafa haifaffen Nima ne a Accra, kuma fataucin goro ne ya kawo kakansa ƙasar tun zamanin Turawa. Shi ba ɗan kasuwar albasa ba ne, mai mota ne. A ƙarshen 2021 yana da tirela uku, duk tsofaffi da aka shigo da su daga Turai, kuma aikinsu ɗaya: su tafi Nijar, yankin Galmi da Madawa a jihar Tawa, su ɗauko albasar 'yan kasuwa su sauke a Accra. Da a kasuwar Agbogbloshie ake saukewa. Daga Yulin 2021, da gwamnati ta tashi masu albasa daga can, sauka ta koma Adjen Kotoku a bayan gari.

Direbobinsa sun fi bin Doso da Gaya, su haye gada zuwa Malanville, su gangara ƙasar Benin, su ratsa Togo, su shigo Ghana ta Aflao. Tafiyar ta haura kilomita 1,500 zuwa kaɗai. Mota ɗaya takan sha dizal wajen lita 1,200 zuwa da dawowa, kuma galibi wayam take tafiya arewa, sai a dawowa take da kaya. Yana da gidan mai ɗaya a Accra da ke ba shi bashi, don haka can ake cika tanki kafin tashi, a ƙara a hanya da sefa.

Cinikin dako na baka ne. Ana yanke kuɗi a kan kowane buhu ranar lodi, a gaban dillali, amma ba a biyan mai mota sai albasa ta iso an sayar. Tsakanin yanke farashi da karɓar kuɗi akan yi mako biyu, wani lokaci uku. Haka mahaifinsa ya yi, haka kowa ke yi, kuma muddin litar dizal na wajen sidi 7, kamar yadda take a Janairun 2022, ba wanda ya ga aibin wannan tsari.

Inda man da yake saye ke fitowa

Ghana na haƙo ɗanyen mai. An gano rijiyoyin Jubilee a 2007, aka fara haƙa a Disambar 2010, sannan TEN ta biyo baya a 2016, Sankofa a 2017. Amma a cikin teku ake haƙarsa, gabar yammacin ƙasar, kuma daga can jirage ke lodinsa zuwa kasuwar duniya. Yawansa ma raguwa yake yi: daga ganga miliyan 71 da ɗoriya a 2019 ya sauko zuwa wajen miliyan 48 a 2023. Matatar gwamnati da ke Tema, wadda aka gina a 1963 mai ƙarfin tace ganga 45,000 a rana, galibin shekarun nan a tsaye take saboda bashi da tsufan na'urori.

Saboda haka dizal ɗin da tirelarsa ke sha tatacce ake shigo da shi, a lokacin mafi yawa daga Turai. Kamfanonin da ke shigo da shi da dala suke saye, da sidi suke sayarwa. Tun tsakiyar 2015 gwamnati ta cire hannunta daga yanke farashin fetur da dizal, sai hukumar kula da harkar mai, NPA, ta tsaya a sa ido, ana sabunta farashi sau biyu a wata, ranar 1 da ranar 16. Abu biyu ke motsa shi: kuɗin tataccen mai a kasuwar duniya, da darajar sidi a kan dala.

Maƙwabta ma ba su da rarar da za su taimaka. Najeriya, babbar mai haƙo mai a yankin, matatunta na gwamnati a Fatakwal da Warri da Kaduna duk a tsaye suke a lokacin, ita ma shigo da tatacce take yi, har haƙonta ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a Agusta da Satumbar 2022. Nijar ce kaɗai a hanyarsa ke tace nata, a matatar SORAZ ta Damagaram mai ganga 20,000 a rana, kuma gwamnati ce ke yanke farashi a can. A gefe guda masu shan mai ƙaruwa suke yi: motocin haya, babura, keke mai ƙafa uku, injinan haƙar zinari, da tirelolin da ke kai kayan Burkina Faso da Mali da Nijar daga Tema.

Fabrairu zuwa Yuni 2022: farawar matsala

Ranar 24 ga Fabrairu Rasha ta afka wa Ukraine. A Maris gangar ɗanyen mai ta haura dala 120. Dizal ya fi fetur tashi, domin kaso mai tsoka na dizal ɗin Turai daga Rasha yake zuwa a lokacin, kuma da Turawa suka fara neman wani wurin saye sai suka shiga rububi da ƙasashen Afirka ta Yamma a kasuwa ɗaya. A cikin watan nan litar dizal ta wuce sidi 10 a Accra.

Abin da ya fara yi shi ne abin da kowa zai yi: ya nemi ƙarin kuɗin dako. An ƙara masa, amma kaɗan. 'Yan kasuwa na da wata mafita, domin motocin Nijar ma suna ɗaukar albasa, kuma su a gida suke cika tanki a kan sefa 538 kowace lita. Duk abin da ya nema, akwai mai motar Tawa ko Ƙonni da zai yi ƙasa da shi. Masu motocin haya na cikin gari sun fi shi sauƙi a nan, don ƙungiyarsu ta GPRTU na zama da gwamnati a fitar da ƙari ɗaya ga kowa, kamar yadda aka yi a Fabrairu da Mayu da Oktoban wannan shekara. Mai jigilar albasa shi kaɗai yake ciniki, lodi bayan lodi.

Ko ƙarin da ya samu ba ya riskarsa da daraja. Za a yanke farashi ranar lodi, mota ta yi kwanaki a hanya, a sayar da kaya, a biya shi, lokacin an riga an sauya farashin mai sau ɗaya ko biyu. Kuɗin tafiyar da ta wuce ba sa cika tankin tafiya mai zuwa. A Yuni gidan man da ke ba shi bashi ya daina, domin su ma masu kawo musu mai sun koma karɓar kuɗi hannu.

Yuli zuwa Disamba 2022: dabaru uku

Dabara ta farko ita ce ƙara lodi. Ya ce wa direbobi su riƙa ɗora buhuna fiye da yadda aka saba, tunda a kan buhu ake biya. Wata biyu aka yi ana haka. Mota ta ƙara shan mai, tayoyi suka riƙa fashewa, an ci su tara a wurin auna nauyi, kuma albasar da ke ƙasa ta riƙa isowa a dame, abin da ya jawo rigima da masu kaya. Ya janye da kansa.

Ta biyu ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Wani direbansa ne ya fara sayen dizal na jarka a bakin hanya, mai rahusa, ya kawo masa lissafi mai daɗin ji, shi kuma ya yarda. A tafiya ta uku motar ta fara hayaƙi da rashin ƙarfi, ta tsaya a Togo, sai janyo ta aka yi. Bakanike ya tarar man gauraye yake, ya lalata famfon mai da nozul. Kayan gyara a kasuwar Abossey Okai ta Accra da farashin dala suke tafiya, kuma dala na hawa kullum. Motar ta yi mako biyar a gareji a lokacin da take da lodi a ƙasa.

Ta uku ce ta fi yi masa illa, kuma ita ce ta fi kama da hankali a lokacin da ya yi ta. Sidi da aka fara shekara da shi wajen 6 a dala ɗaya ya doshi 15 a Nuwamba. A farkon watan litar dizal ta haura sidi 23. Man tafiya ɗaya, in a Ghana za a saye shi duka, ya tashi daga wajen sidi 8,400 zuwa sama da 27,000 cikin wata goma. Ba kuma dizal ne ya yi tsadar nan shi kaɗai ba: masu shigo da mai ba su san nawa dala za ta kai ranar da za su biya bashinsu ba, sai suka riƙa sa farashi a kan dalar da suke tsoro, ba wadda ake sayarwa a ranar ba. Duk wanda ka tambaya a tasha cewa yake yi kafin sabuwar shekara lita za ta kai 30.

Sai ya ranci kuɗi wurin wani amininsa ɗan canji, ya biya wani gidan mai kuɗin lita 5,000 gaba ɗaya a farashin ranar, a kan zai riƙa ɗiba a hankali. A tsakiyar Disamba Ghana ta cimma matsaya ta farko da Asusun Lamuni na Duniya, IMF, a kan rancen dala biliyan 3. Sidi ya farfaɗo cikin 'yan kwanaki, farashin mai a duniya ma ya sassauta, kuma kafin ƙarshen watan litar dizal ta sauko ƙasa da sidi 17. Ya wayi gari yana shan mai mafi tsada a tasha, da kuɗin aro, alhali 'yan kasuwa na neman a rage musu dako tunda mai ya sauka. A wannan wata hauhawar farashi a ƙasar ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, don haka cefanen gida da kuɗin direbobi ba su sauka tare da man ba.

Janairu zuwa Yuli 2023: littafi da sabon ciniki

A Janairu ya sayar da motar da ta lalace a Togo, ya biya rabin bashin. A lokacin ne ɗan ƙanwarsa, wanda ya gama karatun akanta bai samu aiki ba, ya karɓi lissafin. Ya bi takardun shekara guda, tafiya bayan tafiya, ya raba kuɗin da aka kashe da sidi da wanda aka kashe da sefa. Abin da ya gaya masa a taƙaice shi ne: "Kawu, kai ne kake ba 'yan kasuwa bashin mai ba tare da ka sani ba, kuma rabin hanyarka iska kake ɗauka."

Daga nan aka yi sauyi uku, ba a rana ɗaya ba.

Na farko, aka ƙara wa kowace mota tanki na biyu, aka juya inda ake sayen mai. A Agustan 2022 Nijar ta ƙara kuɗin dizal daga sefa 538 zuwa 668, amma duk da haka ya fi na Ghana sauƙi. Mota takan tashi daga Accra da abin da zai kai ta kawai, ta cika tankuna biyu a Nijar, ta dawo da shi har gida. Wannan ya rage tazarar da ke tsakaninsa da masu motocin Nijar.

Na biyu, ya shiga neman kayan tafiya arewa. Kayan tashar jiragen ruwa ta Tema masu wucewa Nijar na da wuyar samu, domin bisa yarjejeniya motocin ƙasar da ta mallaki kayan ke da kaso mafi girma. Ya koma ga abin da ke kusa: katako, gishiri, kayan roba, wani lokaci goro. Kuɗinsu bai kai na albasa ba, kuma jiran su kan ci kwana biyu ko uku. Amma ko da sun biya man zuwa kaɗai, tafiyar ta sauya kama.

Na uku ne ya fi wahalar karɓuwa. Ya raba kuɗin dako gida biyu. Akwai kuɗin mota, wanda ya ƙunshi direba da yaron mota da taya da gyara da ribarsa, shi ana yanke shi a bar shi na tsawon kaka. Akwai kuma kuɗin mai, wanda ake lissafawa a fili: lita kaza da kowa ya yarda mota na sha, a farashin gidan mai na ranar lodi, da kuɗin ƙasar da za a saya. Kuɗin man nan ana tura shi ta waya ranar lodi, kuɗin mota kuma ya jira sai an sayar kamar yadda aka saba.

'Yan kasuwa da dama sun ƙi. Wasu sun ɗauke shi rashin yarda, kuma a harkar da ta ginu a kan amana ta kaka da kakanni wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wani dattijo cikin manyan masu albasa ne ya warware ta, bayan an zauna da shi an buɗe masa littafin. Ya tambayi abu ɗaya: "Alhaji, in mai ya sauka fa?" Aka ce masa kuɗin ma sauka za su yi, a ranar. Ya ba da lodinsa a kan haka, wasu huɗu suka bi shi. Sauran suka koma wa wasu motoci, kuma ya bar su suka tafi, tunda mota biyu gare shi yanzu.

Kasuwa ma ta ɗan lafa a wannan tsakani. Gwamnati ta fara shirin musayar zinari da mai, jirgin farko ya iso a Janairu, IMF ta amince da rancen a Mayu, ɗanyen mai ya sauko ƙasa da dala 90, kuma daga Maris dizal ya zauna tsakanin sidi 12 da 14 har ƙarshen shekara.

Yuli 2023 zuwa farkon 2024: an rufe iyaka

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe gadar Gaya da Malanville. Motocin albasa da yawa suka maƙale a iyakar, kaya na ruɓewa a ciki, farashin buhu ya yi tashin gwauron zabi a Accra. Motarsa ɗaya na Benin a kan hanyar zuwa, ta juyo. Ɗayar na Accra.

Tanki na biyu ya rasa amfaninsa na asali a dare ɗaya, tunda ba hanyar zuwa inda man ke da sauƙi. Akwai hanyar Burkina Faso, amma da rakiyar sojoji ake bin ta saboda 'yan bindiga, kuma ya ƙi tura direbobinsa. Ko da ECOWAS ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe ɓangarenta na iyaka da Benin ba.

Ya sa mota ɗaya a cikin gida: siminti da shinkafa daga Tema zuwa Tamale da Bolgatanga, ta dawo da masara ko waken suya ko doya. Ɗayar ta bi 'yan kasuwarsa da suka koma sayen albasar Najeriya, ta Sakkwato da Kabbi da Kano. Dizal a Najeriya ba shi da tallafi tun da daɗewa. Tallafin da Shugaba Tinubu ya cire ranar 29 ga Mayun 2023 na fetur ne, don haka babu wani rahusa da zai samu a can. Da sababbin masu kaya na hanyar Tamale ma tsarinsa na raba kuɗin mai da kuɗin mota ya gabatar, kuma sun fi 'yan albasa saurin yarda, domin kamfanoni sun saba da lissafin takarda.

2024 zuwa 2025: sababbin matatu da farfaɗowar sidi

A Janairun 2024 aka ƙaddamar da matatar Sentuo a Tema, mai zaman kanta, da ƙarfin ganga 40,000 a rana a matakin farko. A wannan wata matatar Dangote da ke Lekki, mai ganga 650,000, ta fara fitar da dizal da man jirgin sama, fetur kuma a Satumba. A Oktoba shugaban NPA na lokacin, Mustapha Abdul-Hamid, ya ce Ghana na kashe wajen dala miliyan 400 a wata wurin sayo mai daga Turai, kuma sayowa daga Legas zai rage kuɗin jirgi. A tasha mutane da yawa sun ɗauka dizal zai karye. Bai karye ba a 2024, ya ma haura sidi 15 a farkon 2025, domin sidi ya sake zamewa, kuma ko daga Legas aka sayo da dala ake biya, a farashin da ke bin na duniya.

Sauƙin da ya zo ta wata ƙofa ya zo. Tsakanin Afrilu da ƙarshen Mayun 2025 sidi ya farfaɗo daga wajen 15 zuwa kusan 10 a dala, ɗanyen mai kuma yana tsakanin dala 60 da 70. Farashi ya sauka a gidajen mai, aka rage kuɗin motar haya da kashi 15 cikin ɗari. Shi ma ya rage kuɗin man da yake karɓa tun lodin farko, kamar yadda aka yi alkawari, ko da yake wasu abokan sana'arsa sun riƙe tsohon farashi na 'yan makonni sun ci riba. A Yuli gwamnati ta ƙara harajin sidi 1 a kan kowace lita don biyan bashin ɓangaren lantarki, ya shigar da shi lissafi a ranar, ba wanda ya yi gardama. Bashin ɗan canji ya ƙare tun tsakiyar 2024.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Dabarun 2022 duk ƙoƙari ne na cin galaba a kan farashin dizal, kuma mai tirela uku a Nima ba shi da hannu a ko ɗaya cikin abubuwan da ke yanke shi. Sayen lita 5,000 a Nuwamba caca ce a kan darajar sidi, ko da yake shi bai ɗauke ta haka ba, kuma ban ga laifin tunaninsa ba, domin wata goma a jere duk wanda ya jinkirta saye ya yi asara. Kuskuren yana wurin yin ta da kuɗin aro. Man jarka kuwa ba shi da uzuri: ragin da ake samu bai kai kwatar kuɗin famfon mai ɗaya ba.

Tanki na biyu ya biya kuɗinsa, amma ribarsa ta dogara ga bambancin farashi tsakanin ƙasa mai yankewa da ƙasa mai sakin kasuwa, da kuma buɗaɗɗiyar iyaka. Wata shida kawai ya more shi. Nijar ɗin ma ta shiga ƙarancin fetur mai tsanani a Maris 2025, da man sumoga daga Najeriya ya ja baya, buƙata ta fi ƙarfin SORAZ.

Abin da ya tsira daga sauyin hanya da sauyin kaya shi ne raba kuɗin dako da kuma daina tafiya wayam. Raba kuɗin bai sa dizal ya yi sauƙi ba ko da kwabo. Ya dai mayar da hawa da saukarsa wuyan mai kaya, wanda shi yana iya sauya farashin buhu a kasuwa a ranar da albasa ta sauka, abin da mai mota ba zai iya ba. Ya karɓu ne saboda an buɗe littafi an nuna lita nawa mota ke sha, kuma saboda ya cika alkawarin ragewa a 2025 lokacin da riƙewa ta fi riba.

Akwai abin da tsarin bai magance ba. Kuɗin mota, wanda daga cikinsa ake tara na sayen wata, da sidi ake yanke shi, tirela da tayoyinta kuwa da dala ake sayo su. A ƙarshen 2025 mota biyu gare shi, dukansu sun ƙara shekara huɗu a kan tsufansu, kuma abin da ya tara bai kai rabin kuɗin ta uku ba.